Takardar da Inna Batulu ta Kawo

Sa'ida ba ta taɓa zaton ranar da za ta kai Nasiru ƙara ba, don nono ɗaya suka sha. Shekarar da aka haife ta mahaifiyarta ta kwanta ciwo har wata bakwai, Inna Batulu ta maƙwabta, wadda lokacin take goyon Nasiru, ita ta riƙa shigowa tana ɗaukarta tana ba ta. Gidajen biyu a wani lungu suke bayan Ƙofar Kuyambana, gidan Malam Jumare mahaifin Sa'ida daga sama, gidan Malam Zulkiflu mahaifin Nasiru daga gangare. Malaman biyu sun yi zaman shekara arba'in ba a ji kansu ba, suka rasu shekara biyu tsakani.

Da mijin Sa'ida ya rasu sai ta dawo gidan uban da 'yarta Ibtisam, tunda 'yan'uwanta maza duk aiki ya kai su Kaduna da Abuja. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gwamnati, tana da 'yar motarta, amma motar ba ta iya shiga gidan saboda wata tsohuwar magudana da ta ratsa ta bakin ƙofa. Ta ɗauki hutu, ta kira magini, wani dattijo mutumin Ƙofar Gayan, ta ce a cike magudanar a zuba kankare.

Dattijon ya dogara cebur a ƙasa ya daɗe yana duban lungun. Ya ce, "Hajiya, ruwan nan hanyarsa ke nan tun ba a haife mu ba. In muka toshe, gindin bangon maƙwabtanki zai nema. Gara a binne bututu a ƙarƙashi."

"Kwana nawa zai ƙara?"

"Kamar sati guda."

Hutunta ranar Litinin zai ƙare. Ta ce, "Ka zuba kawai, Baba. Kafin damina sai mu dawo mu gyara."

Daga ita sai shi a wurin. Damina ta faɗi ba a dawo ba.

Cikin watan Agusta, wata safiyar Juma'a da aka kwana ana tsuga ruwa, ɗakin da ke jikin bangon gidan Malam Zulkiflu ya rufta. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, amma nan ne ɗakin littattafan marigayin: fiƙihu da nahawu da ya kwafa da hannunsa, da waɗanda ya gada wurin kakansa, duk a cikin gafaka. Nasiru, wanda malamin firamare ne, ya wuni yana tono su daga cikin taɓo. Ya baza warƙoƙin a kan tabarmi a tsakar gida, tawada ta narke ta zama kamar an goga bakin tukunya. Da la'asar ya tsaya a ƙofar Sa'ida, laka har gwiwa.

Ya ce, "Sa'ida, kin ga abin da kankarenki ya yi?"

Maganar magini ta faɗo mata a take. Amma ta dubi jan idonsa, ta dubi mutanen lungun da suka fara taruwa, sai ta ji bakinta ya ce, "Bangon ƙasa ne ya tsufa, Nasiru. Gidaje nawa suka faɗi a birnin nan bana? Ƙaddara ce."

Gaskiya ne gidaje da yawa sun faɗi a shekarar, shi ya sa mutane suka gyaɗa kai. Nasiru ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya juya.

Daga ranar zaman lafiya ya ƙare. Sai Sa'ida ta fito ta tarar da shara tsibi a bakin ƙofa. Sai Nasiru ya kafe babur ɗinsa a tsakiyar lungu ya kulle, ya tafi abinsa, ita kuma tana da aikin safe, dole ta bar mota ta nemi Keke. Radiya matarsa ta mai da habaici waƙa, da zarar ta ji motsin Sa'ida a tsakar gida sai ta ɗaga murya ta bayan katanga kan masu mota marasa miji. Sau biyu aka yanke wayar wutar gidan. Aka riƙa jifan kwanon rufi da rana tsaka in an san Ibtisam ce kaɗai a gida. Mai unguwa ya zaunar da su sau biyu, ya ce maƙwabci ɗan'uwa ne, aka yi addu'a aka shafa, ba a kwana uku ba aka koma. Sa'ida ta je ofishin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce maganar maƙwabta ce, su je su sasanta.

Cikin duk wannan Inna Batulu ba ta fasa abin da ta saba ba. Tana da hawan jini, kuma tun dawowar Sa'ida kowace Asabar da hantsi sai ta dogara sandarta ta shigo a auna ta, in an ba ta takardar asibiti ta kawo a karanta mata, don ita ajami kaɗai ta iya. Ba ta taɓa ta da maganar ɗakin ba. Iyaka wani lokaci in za ta tafi ta ce, "Ki yi haƙuri da ɗan'uwanki, ina yi masa faɗa." Sa'ida kan ce ba komai, Inna, ta kau da kai tana naɗe abin awon.

Tura ta kai bango ranar da Ibtisam za ta fara jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Yarinyar ta fito cikin farin hijabi, tana wucewa ta ƙofar maƙwabtan sai Radiya ta sheƙo mata ruwan wanke-wanke daga zaure, tun daga kai har ƙafa. Nasiru yana tsaye yana goge babur. Bai ɗago ba ya ce, "Ruwa ne ya nemi hanyarsa." Ibtisam ta koma ta canja kaya, ta isa an raba takarda da rabin awa. Daga nan ba ta yarda ta fita ita kaɗai, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Bayan kwana huɗu aka fasa gilashin motar da dutse.

Sa'ida ta tafi Wusasa wurin Irene Dickson. Tare suka yi makarantar kwana, gado ɗaya sama da ƙasa, Irene ta zama lauya, ofishinta yana wani ɗan bene kusa da wani coci. Ta saurari komai, ta kalli hotuna da bidiyon da ke wayar Sa'ida, ta ce za a shigar da ƙorafi kai tsaye gaban majistare, a nemi kotu ta sa su su sa hannu a takardar zaman lafiya, wanda ya saɓa kuma ya gamu da hukunci.

Sannan ta cire tabarau ta ce, "Amma ƙawata, ruwa ba ya tsami banza. Me ya haɗa ku tun farko?"

Sa'ida ta ba ta labarin ɗakin, ta ce ita suke ɗora wa laifi.

"Akwai wanda ya gargaɗe ki kafin ki yi aikin? Ki faɗa mini yanzu, ba a kotu nake son in ji ba."

"Babu," in ji Sa'ida.

A hanyar dawowa ta yi ta gaya wa kanta cewa ai maganar biyu ce. Ko da ta yi kuskure a kan magudana, wannan bai ba kowa izinin watsa wa 'yarta ƙazanta ba. Hakan gaskiya ne, ta sani, amma ta rasa dalilin da ya sa sai ta yi ta maimaita shi.

Asabar ta zagayo, Inna Batulu ta yi sallama da hantsi. Wannan karon da takarda a hannunta, a naɗe cikin bakin mayafi. Ta zauna a kan tabarma da ƙyar ta ce, "Jiya wani ya kawo, Nasiru ba ya nan, ya ce in dangwala yatsa na karɓa. Na ga da tambari. Na ce kafin in ba shi in kawo ki duba mini, kada ko daga wurin aikinsa ne."

Sa'ida ta buɗe. Sammaci ne. Sunanta yana sama da manyan baƙaƙe, na Nasiru da na Radiya a ƙasa. Ta so ta ce ba ta ga tabarau ɗinta ba. Tsohuwar tana kallonta, ta ɗan karkato da kunnen da ya fi ji.

"Inna, daga kotu ne."

"Kotu kuma? Wa ya kai shi?"

"Ni ce."

Inna Batulu ta ce, "Karanta mini duka."

Sa'ida ta karanta tana fassarawa, sharar da babur da jifa da ruwan wanke-wanke, kowanne da ranarsa, har zuwa Juma'ar da aka ce su bayyana da ƙarfe tara. Tsohuwar ba ta katse ta ba ko sau ɗaya.

Da ta gama, Inna Batulu ta ce, "Duk an yi. Ba ki yi masa ƙarya ba. Na hana bai hanu ba, tun da littattafan nan suka lalace ban san ɗana ba." Ta karɓi takardar ta mayar cikin mayafi. "Amma a gidan nan tun kakanninku ba wanda ya taɓa taka ƙofar kotu. Da kin zo kin ce mini, Inna, na gaji, da na san abin da zan yi."

Sai tsohuwar ta miƙa hannu, ta janye hannun riga. "To auna ni, tunda na zo."

Ta auna. Jinin ya hau fiye da yadda ta taɓa gani. Ta sake aunawa, haka. Ta ce ta tabbata ta sha maganin yamma, ta rage gishiri, ta raka ta har zaure. A nan ta tsaya, don daga zauren ana hango kankaren da kuma gurbin ɗakin da aka toshe da tsohon kwano.

Ranar Juma'a kotun ta cika da masu ƙananan ƙararraki, ba a kira tasu ba sai wajen sha ɗaya. Nasiru bai ɗauki lauya ba. Ya sa farar riga da ya goge sosai, Radiya tana gefensa da goyo. Da aka kunna bidiyon da ke nuna shi yana juye shara a ƙofar Sa'ida, bai musa ba. Ya ce ya yi, kuma a tambaye ta abin da ya sa. Ya fara maganar littattafan ubansa, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Majistaren, wani mutum mai furfura a gemu, ya bar shi ya ɗan yi nisa kafin ya ɗaga hannu. Ya ce maganar ɗaki daban ce, in yana da hujja ya shigar da tasa ƙarar, amma doka ba ta ba kowa damar ɗaukar fansa da hannunsa ba. Sai ya juyo wajen Sa'ida kamar wanda abu ya faɗo masa a rai.

"Ke kin san aikin da kika yi zai iya jawo musu ɓarna?"

Inna Batulu tana zaune a bencin baya. Irene tana jujjuya takardu hankali kwance, don ta riga ta san amsar.

Sa'ida ta ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Aka yanke cewa Nasiru da matarsa za su sa hannu a kan ba za su ƙara tsangwamar mai ƙara ko 'yarta ba har shekara guda, da baki ko da hannu ko ta hanyar wani. Radiya aka sallame ta saboda goyo. Shi kuwa, tunda ya amsa laifi da bakinsa kuma har da fasa gilashi, sai ya kawo mai tsaya masa, ma'aikacin gwamnati mai gida a cikin gari, in ba haka ba a ajiye shi har ya kawo.

Ba wanda ya zo da shirin haka. Aka yi ta buga waya. Wani abokin aikinsa ya taho daga makaranta a kan babur, amma bai zo da takardar gida ba, ya koma ɗaukowa, kafin ya dawo an tashi sallar Juma'a, rajistara ya rufe ofis. Sa'ida ta kama hannun Irene a baranda.

"Ni fa? Ma'aikaciyar gwamnati ce ni, ina da gida."

"Ke ce mai ƙara, Sa'ida."

Tana tsaye aka fito da shi aka sa a bayan mota tare da wasu samari biyu da aka kama da satar waya. Bai dubi inda take ba. Inna Batulu ta ƙi shiga motar Sa'ida, ta ce Radiya ta tsayar da Keke. Sai ranar Litinin da rana aka sako shi.

Lungun ya yi tsit. Ba shara, ba jifa, babur ya koma cikin zaure. Ibtisam ta fara fita ita kaɗai, ta dawo cin abinci sosai, wata rana har Sa'ida ta ji ta tana waƙa a wurin wanki. Abin da ta nema ke nan, ta kuma samu. Amma Asabar ta zo Inna Batulu ba ta shigo ba, ta biyu ma haka. Matar mai unguwa ce ta gaya mata cewa Nasiru ya hana kowa na gidan taka ƙofarta, ya ce ba zai sake kwana a gidan yari saboda wani ya yi mata kallon da ba ta so ba. Tsohuwar yanzu wani kemis take zuwa a bakin titi, tafiyar da ke ɗaukarta rabin awa da sanda. Sa'ida ta kuma ji cewa yara a makarantar Nasiru sun sa masa sunan tsokana.

Sa'ida ta riƙa yin kuskure a wurin aiki, abin da ba halinta ba. In ta tsaya sallah sai ta rasa raka'a nawa ta yi. Ba kwanan Nasiru a tsare ya fi damunta ba, don shi da hannunsa ya jawo rabin abin. Kalmomi uku da ta faɗa wa majistare su suka hana ta sakat, ta faɗe su a gaban matar da ta shayar da ita, matar kuma ta yarda.

Bayan sati biyar ta koma Wusasa ta gaya wa Irene maganar magini, yadda ya faɗa da yadda ta amsa.

Irene ta ce, "Na tambaye ki a kujerar nan."

"Na sani."

"Kin sa na tsaya gaban kotu da abin da ba haka yake ba. Wannan tsakanina da ke ne, za mu yi maganarsa wata rana." Ta ja numfashi. "Umarnin kotu yana nan, kuma ba zan ba ki shawarar janye shi ba. Abin da suka yi wa Ibtisam sun yi shi, ko kin toshe magudana ko ba ki toshe ba. Amma in kika faɗi wannan a fili, kin ba shi hujjar da zai kai ki ƙara, kuma zai iya yin nasara. Amsar da kika ba majistare ma za ta iya dawo miki. Kin gane?"

"Na gane."

"To me kike so ki yi?"

Abin da ta yi shi ne ta nemi mai unguwa ya kira zama a zaurensa, ta aika aka ɗauko maginin daga Ƙofar Gayan. Nasiru ya ƙi zuwa sai da mai unguwa ya tabbatar masa cewa zaman ba zai taɓa takardar kotu ba. Ya zauna can bakin ƙofa. Inna Batulu tana daga ciki wurin matan gidan, inda ake jin komai.

Sa'ida ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce dattijon nan ya gargaɗe ta, ta ƙi ji saboda gaggawa. Ta ce ranar da ɗakin ya faɗi ta san dalili ta ce ƙaddara ce, a kotu kuma aka tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Maginin ya ce haka aka yi. Ta ce za ta fasa kankaren a buɗe wa ruwa hanya, za ta kuma ta da ɗakin in an yarda, in kuma Nasiru ya ga kotu zai je, ba za ta musa komai ba.

Mai unguwa ya juya wajen Nasiru. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Da ranar nan ta ce mini, Nasiru, na yi kuskure, wallahi da ya wuce. Kusan shekara guda ina ganin kamar ni ne mahaukaci." Ya ɗago kai. "Ɗaki ba na so. Abin da ke cikinsa ba magini ne zai dawo da shi ba."

"Yafiya fa?" in ji mai unguwa.

"A bar ni tukuna."

Mai unguwa ya ce, "Kai ma akwai wadda ya kamata ka nemi yafiya a wurinta. Yarinyar nan ba ita ta zuba kankare ba."

Nasiru bai tashi ba sai da aka shafa addu'a. Sa'ida ta jira ko Inna Batulu za ta fito. Matar mai unguwa ta leƙo ta ce tsohuwar ta bi ta ƙofar baya, amma ta ce a gaya wa Sa'ida ta ji abin da ta faɗa.

Nasiru bai kai ƙara ba, ita ma ba ta janye tata takardar ba. Ranar Talata aka fara fasa kankaren, motar ta koma kwana a harabar wani gidan mai a bakin titi. Sa'ida ta dawo daga aikin safe ta tarar an haƙa rami tun daga ƙofarta har bakin babbar kwata, bututu uku a jere a gefe. Tana tsaye tana magana da maginin sai ga Nasiru ya turo babur daga zaure. Ya tsaya a bakin ramin ya duba. Bai gaishe ta ba, ita ma ta rasa ta inda za ta fara.

Ya ce wa dattijon, "Baba, nan wajen gabas bai yi zurfi ba. In an yi ruwa mai ƙarfi zai tumbatsa."

Maginin ya dubi Sa'ida.

Ta ce, "A ƙara yadda ya ce."

Nasiru ya ɗaga babur ɗin ya tsallake ramin da shi, ya tura har bakin lungu kafin ya tayar.